Me ya sa manhaja ke korar mutum idan wani ya shiga da asusunsa?

A shagunan kwamfuta da ofisoshi, daga Gumel har Maigatari, idan manhaja ta rufe ana tsaka da aiki, sabis ake fara ɗora wa laifi. Sau da yawa kuwa ba shi ba ne, lasisi ne ya cika.

Wanda ya biya kuɗin manhaja bai mallake ta ba, izinin amfani ya saya, kuma izinin na da adadi.

Yadda ake ƙidayar

Abin ya yi kama da motar haya a Gagarawa Tasha ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari: idan kujeru sun cika, sai wani ya sauka kafin wani ya hau.

Akwai babbar kwamfuta, ta kamfanin ko ta ofis, da ke riƙe da adadin gurabe. Duk wanda ya buɗe manhajar zai ɗauki gurbi ɗaya, na'urarsa kuma ta riƙa aika alamar tana nan. Da ya rufe, sai gurbin ya koma.

Amma idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, gurbin kan maƙale har sai wa'adin jira ya ƙare. Shi ya sa za a ce an cika alhali ba kowa a kai.

Misalai

A watan Maris na 2022, MultiChoice ya taƙaita kallon DStv ta intanet zuwa na'ura ɗaya a lokaci guda. A Netflix, tsarin Standard na ba da allo 2, Premium kuma 4. WhatsApp na yarda a jona na'urori 4 ban da babbar waya. Kwamfuta mai Windows 10 kuwa, na'urori 20 kacal ke iya jonuwa da ita don raba fayil.

Kafin ka biya

Tambayi mai sayarwa: lasisin na mutum ne, na na'ura, ko na masu shiga lokaci guda?

Makarantar da ɗalibanta 60 ke shiga ɗakin kwamfuta 20-20, gurabe 20 sun ishe ta. Idan lasisin na mutum ne, sai ta biya na 60.

Raba kalmar sirri ba ya ƙara gurbi, juna kawai za ku riƙa kora.