Yadda Ake Cin Tseren Miƙa Sanda

Hunturu ya shigo, an fara shata layukan fili da toka, kowa ya san gasar intahaus ta kusa. Mu 'yan kulob ɗin gudu mun ga ya kamata mu yi bayani a kan tseren miƙa sanda, domin shi ne ya ba mu kunya bara.

Ga abin da ya faru. Mun je gasar makarantun shiyyarmu da yara huɗu da suka fi kowa gudu a makarantar nan. Muna kan gaba har mutum na biyu. Wajen miƙa wa na uku sai sanda ta faɗi, kafin a ɗauka duk an wuce mu. Da muka dawo sai aka yi ta ɗora wa juna laifi, har biyu daga cikinmu suka yi mako ba sa magana. Gaskiyar ita ce, sau biyu kacal su huɗun suka gwada miƙa sanda tare kafin ranar gasar.

A wannan tsere mutum huɗu ne ke gudu, kowa mita 100, amma sanda ɗaya ce. Tsawonta bai wuce santimita 30 ba. Dole ita ce za ta zagaye fili daga farko har ƙarshe. Akwai wuri na musamman da aka shata don miƙa ta, tsawonsa mita 30 a dokar yanzu. Idan aka miƙa kafin a shiga wurin ko bayan an fita, za a cire ƙungiyar gaba ɗaya ko da ita ta zo ta ɗaya. Idan kuma ta faɗi, wanda ya yar da ita shi zai ɗauka.

Malamin wasanninmu ya ba mu misali da gasar Olamfik ta 2016 a birnin Riyo na ƙasar Birazil. A lokacin babu ko ɗaya cikin 'yan Japan huɗu da ya taɓa gudun mita 100 a ƙasa da daƙiƙa 10. Idan aka haɗa lokacinsu za a samu sama da daƙiƙa 40. Amma sun gama a daƙiƙa 37.60, suka zo na biyu bayan Jamaika, ƙungiyar su Usain Bolt. 'Yan Amurka kuwa, duk da shahararsu, sun iso na uku, sannan aka cire su saboda ba su miƙa sanda a inda doka ta ce ba.

To ina sauran daƙiƙun suka tafi? Amsar ita ce, mai karɓa ba ya tsayawa jira. Yana sa alama a ƙasa a bayansa. Da zarar ɗan'uwansa ya taka alamar sai ya ruga da iya ƙarfinsa, ba tare da waiwaye ba. Idan mai kawowa ya matso sai ya yi kira, mu “hannu!” muke cewa, shi kuma ya miƙo hannu baya, a ɗora masa. Na farko da na uku da dama suke riƙewa, na biyu da na huɗu da hagu, don kada su yi karo a cikin layi ɗaya. Ta haka sanda ba ta rage gudu. Idan ka tashi da wuri, ka bar ɗan'uwanka a baya. Idan ka makara, ya hau ƙafarka. Ba za ka san saurinsa ba sai kun yi ta gwadawa tare, kun san juna, kun yarda da juna.

Mu ma a Najeriya muna da abin koyi. A gasar Olamfik ta 2000 a Sidni, ƙasar Ostareliya, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu a tseren da kowa ke gudun mita 400. Daga baya ɗaya daga cikin 'yan Amurka da suka zo na ɗaya ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari. A 2012 aka mayar wa Najeriya lambar zinare, amma Sunday Bada ya rasu a 2011, bai gan ta ba. Abin da ya fi burge mu shi ne, Nduka Awazie da Fidelis Gadzama, waɗanda suka yi gudu a zagayen share fage kawai, su ma an lissafa su cikin masu lambar. Wato ɗan benci ma ɗan ƙungiya ne.

Bana mun canza tsari. Tun zangon farko muke fita tare, kuma kowace rana sai mun gwada miƙa sanda kafin mu tashi. Mun fara ganin amfanin haka. Wata 'yar aji ɗaya da ba ta iya zagaye fili sau ɗaya, yanzu tana yin uku ba ta tsaya ba. Wanda sanda ta faɗi a hannunsa bara shi ke riga kowa zuwa fili, kuma shi ke koya wa ƙananan yadda ake sa alama. Muna kuma yaba wa masu ɗebo ruwa da raba gulukos. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, duk mai son ya wakilci gidansa ko makarantarmu, kada ya bari sai saura mako guda ya zo yana cewa ai shi yana da gudu. Muna haɗuwa ranar Talata da Alhamis bayan sallar la'asar. Maza da mata kowa da ɓangarensa. Ko ba ka da kambas, ka zo. Muna roƙon malamanmu su ma su leƙo su ƙarfafa mana gwiwa.

Sai mun haɗu a fili.