Jitar Kwali da Sirrin Allon Gaba

A gidan adana kayan kiɗa na birnin Basalona, a ƙasar Sifaniya, an ajiye wata jita da aka ƙera a 1862. Wanda ya hango ta daga nesa ba zai ga abin mamaki ba. Sai ya matso zai gane cewa bayanta da gefunanta duk kwali ne, takarda da aka danne da gam. Allon gabanta kuwa da katakon kirki aka yi shi. Maƙerinta, Antonio de Torres, ya yi ta ne don ya kashe wata gardama: muryar jita daga allon gaba take fitowa, sauran jikin kuwa akwati ne da ke tallafe da shi. Da aka ɗaura mata tsirkiya, ta yi magana.

Torres kafinta ne tun yana yaro. An haife shi a 1817 kusa da Almeriya, ya yi mafi shaharar aikinsa a Sabiliya, ya rasu a 1892 ba tare da ya tara abin duniya ba. Akwai ma lokacin da kasuwar jita ta mutu masa har ya koma sayar da tangaran. Amma siffar da ya ba jita ita ake bi har gobe: ciki mai faɗi, allon gaba siriri, da tsirkiya mai tsawon milimita 650. Duk wanda ya shiga ɗan shagon maƙerin jita a Giranada, a kan hanyar da ke hawa zuwa fadar Alhamra, ko a garin Paracho na ƙasar Meziko inda jita ce sana'ar gari, zai tarar ana aiki a kan tsarinsa.

Mai garaya ko gurmi zai fahimci maganar Torres nan da nan. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Siririya ce, ba ta iya tura iska. Sai ta hau jaki, jakin ya miƙa girgizarta ga fatar da aka rufe ƙoƙo da ita, sannan kunne ya ji. A jita, allon gaba shi ne fatar. Bambancin shi ne fata ana ɗaure ta a ja, shi kuwa allo sai an yi ta kankare shi har ya kai inda zai iya rawa.

Nan ne wahalar take. Tsirkiyoyi shida na roba suna jan jakin da ƙarfin da ya kai kusan kilo 40, dare da rana, shekara da shekaru. Na ƙarfe kuwa sukan kai kilo 70. Allon da zai ɗauki wannan nauyi kaurinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. In aka bar shi da kauri, jitar za ta daɗe amma muryarta a shaƙe. In aka zarce wajen ragewa, za ta yi amo mai daɗi na ɗan lokaci, daga baya allon ya kumbura a bayan jaki, ya lotsa a gabansa. Tsakanin waɗannan biyu tazarar ba ta fi kaurin farce ba, kuma ba ɗaya take a kowane katako ba, ko da daga bishiya ɗaya aka fasa su.

Itacen da aka fi so shi ne sifurus na duwatsun Turai masu sanyi, irin na kwarin Fiyemme a arewacin Italiya, inda bishiya ke girma a hankali, layukan jikinta su fito a matse. Wasu kuma sun fi son jan sida na Amurka ta Arewa. Ana fasa gungumen a bi tsaginsa, a raba allo ɗaya gida biyu a buɗe shi kamar littafi, a haɗa bakin da gam don hagu da dama su zama tagwaye. Kafin nan ya yi shekaru a jingine yana bushewa. Maƙeri zai ɗauke shi da yatsu biyu, ya kai kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa, kamar yadda mai sayen tukunya ke yi a kasuwa. Sai ya lanƙwasa shi kaɗan ya ji taurinsa, ya ƙara kankarewa, ya sake ƙwanƙwasawa.

Wani limamin coci da ya riƙa taya Torres aiki a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da hannunsa ya fara rawa, ya ba da labarin cewa an taɓa roƙon Torres kada ya mutu da sirrinsa. Torres ya nuna babban yatsa da manuniya, ya ce abin a nan yake, a yadda suke jin katako, don haka ba shi da yadda zai bar wa wani. Maƙeran yau da yawa suna da sikeli da na'urar auna amo, kuma suna da amfani, amma hukuncin ƙarshe na dakatar da kankara har yanzu a yatsa yake.

A cikin allon, inda ido ba ya gani, ake manna haƙarƙari, wato 'yan siraran itatuwa da ke hana shi karyewa. Torres ya fi jera guda bakwai a baje kamar mafici. A Amurka kuwa, gidan C. F. Martin, Bajamushen da ya isa Niyok a 1833 kafin ya koma garin Nazareth a jihar Fensilbaniya, ya shahara da gicciya manyan haƙarƙari biyu. Wannan gicciyen ne ya iya jure tsirkiyar ƙarfe da ta yi tashe daga baya. Bayan an manna haƙarƙarin, maƙeri yakan bi kowanne da cizal yana fere shi, ya rage nan ya bar can. Mai son murya mai kauri da mai son wadda ke tashi da sauri, a nan ake raba musu hanya. Shi ya sa kafin a taɓa katako sai an tambayi mai oda irin kiɗan da yake yi, da ƙarfin bugunsa, har da girman tafinsa saboda kaurin wuya.

Gefuna ana jiƙa su ne a lanƙwasa a jikin bututun ƙarfe mai zafi. Masu bin tsohon yayi suna haɗa komai da gam ɗin fata da ake narkawa a ruwan ɗumi, saboda ko bayan shekara hamsin za a iya ɓalle shi da zafi a yi gyara. Ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya kuwa lissafi ne zalla: a raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne mazaunin na farko, wato kusan milimita 36.5, haka za a yi ta yi da abin da ya rage. Na goma sha biyu zai faɗo daidai rabin tsirkiya.

Shafe shi ne mai cin rai. Ana narka wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya, a ɗiga a dunƙulen auduga, a yi ta zagaya jikin jita, shafi bisa shafi, na tsawon makonni. Fentin masana'anta ya fi shi jure gumi da karce, amma ya fi kauri, kuma allon da aka sha wuya kafin ya iya rawa ba a so a sa masa bargo. Da wannan da sauran, mai aiki shi kaɗai da wuya ya wuce jita goma sha 'yan kai a shekara.

Yawancin shagunan suna riƙe laimar ɗaki a kusan kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Jitar da aka haɗa a irin wannan ɗaki, in ta shigo hunturun Kano ko Agadas ba a kula da ita ba, allon zai tsuke, ya tsage a bi tsaginsa. Masu dabara sukan ajiye ta a akwatinta da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin leda mai huji.

Katakon kansa ya fara wuya. Tun 1992 aka hana cinikin rozwud na Burazil tsakanin ƙasashe, wanda da shi ne sarkin itacen baya da gefe. Masu ƙera jita sun koma na Indiya da wasu, ciki har da dangin maɗaci na Afirka. Baƙin itacen eboni da yatsu ke takawa a wuya, ɗan uwan kanya ne, kuma mai yawa daga dazukan Kamaru yake zuwa. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da abokin hulɗarsa Madinter na Sifaniya suka sayi injin yanka eboni na Crelicam a Yawunde. Can ne Bob Taylor na kamfanin Taylor ya ce masu sara suka shaida masa cewa sai sun kayar da bishiya wajen goma kafin su sami baƙa wuluk guda, masu ratsi kuwa a daji ake barin su su ruɓe, don kuɗinsu bai kai wahalar ɗauka ba. Ya sa aka fara biyan mai ratsi kuɗi ɗaya da baƙin. Yanzu akan ga jita mai tsada da zanen ruwan ƙasa a wuyanta, kuma akwai masu oda da suke cewa irin wannan za a nemo musu.