Tsimin Ruwa da Wutar Lantarki a Gida

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani abu da ya same ni a bazarar bara. A cikin watan Maris, lokacin da rijiyoyin unguwarmu a nan Dabai suka ja baya, sai da na yi kwana uku a jere ina makara zuwa makaranta. Ba barci ya sa ni ba. Tun da asuba ni da ƙanwata mu kan ɗauki jarkoki mu tafi rijiyar burtsatse, mu tarar layi ya miƙe, tanki kuwa babu ko ɗigo, domin ba a kawo wutar da za ta ja ruwan ba. A rana ta uku da na komo gida, sai na iske ƙanenmu ya juye rabin jarkar da muka sha wuya a kanta, yana gina ɗakin taɓo. An kuma kawo wuta, ga ƙwan fitilar ƙofar gida yana ci da rana tsaka. Daga ranar na fara tunani.

Abin da na gane shi ne, ruwa da wutar lantarki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wani kashi na wutar ƙasar nan daga ruwa a ke samunsa. An gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara cikin 1968, tafkinta kuwa ya miƙo har ƙasar Yawuri ta jiharmu ta Kebbi. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu domin wannan aiki, har tsohon garin Busa ma ruwa ya cinye shi. Daga baya aka ƙara ta Jebba, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna. Ƙarfin ruwan da ke gangarowa shi ke juya manyan injuna su ba da wuta. To, a nan gida kuma sai abin ya juya: wuta ce ke tayar da injin da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa tanki. In babu ita sai janareto, shi kuwa mai ya ke sha, mai kuwa kuɗi ne. Ashe ke nan wanda ya zubar da ruwa ya ɓata wuta, wanda ya ɓata wuta kuma ya zubar da ruwa.

Bari in fara da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, watau yarinyar da ta ɗauko jarka mai lita 20 ta ɗauko kilo 20 a kanta. Masana lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a yini domin sha da girki da ɗan tsabtar jiki. A gidanmu mu tara ne, jarka tara ke nan kowace safiya. Wanda bai taɓa ɗaukowa ba shi ke wanka kamar yana cikin gulbi.

Hanya ta farko ita ce a daina barin ruwa yana ɗiga. Na taɓa tara kwalba mai cin lita ɗaya a ƙarƙashin wani famfo da bakinsa ya lalace, cikin awa ɗaya ta cika. In ka lissafa yini da dare, lita 24 ke nan, fiye da jarka guda, ba wanda ya sha, ba wanda ya yi wanka. In ka ga irin wannan, gaya wa manya a gyara, kafin nan kuwa ka tara bokiti.

Ta biyu, a sa ruwa ya yi aiki biyu. Wannan daga wurin Kaka na koya, wadda ta ga farin 1973 da idonta. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, awaki ta kan ba, ko ta zuba wa gindin zogale. Ruwan ɗaurayar tufafi shi a ke yayyafa wa tsakar gida kafin shara, ko a wanke bayan gida da shi. Kwanon da ya yi maiƙo, sai ta goge shi da toka tukuna, sa'an nan ruwa kaɗan ya ishe shi. Ta kan ce, "Jikana, ruwa abokin aiki ne, ba a korar aboki bai gama aiki ba."

Ta uku, a ɗebi daidai bukata. In za ka sha, kada ka cika moɗa ka kurɓa sau biyu ka watsar da saura. Buta ɗaya ta isa alwala, kofi ɗaya ya isa wanke baki, bokiti ɗaya ya isa wanka in an yi da kwanon ɗiba. A riƙa rufe randa da faifai ko murfi, domin ruwan da ƙura ko kaza ta ɓata shi ma ya tafi a banza.

Ta huɗu, a tari ruwan sama. Allah Ya ba ƙasar Zuru damina mai albarka, amma yawancin ruwan kan bi duwatsu da kwari ya wuce. Malaminmu na lissafi ya nuna mana cewa rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwa mai zurfin milimita 20, zai zubo lita 1,000, watau jarka 50. Tara duro ko baho a bakin indararo ba ya gagarar yaro. Sai dai a bar ruwan farko ya wanke rufin, a kuma rufe duron don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

Sai kuma wuta. Abin da mita ke ƙirgawa shi ne yunit, watau ƙarfin wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ya kwana yana ci har awa 10 kullum, a wata zai sha yunit 18. Sabon farin ƙwai mai wat 9, wanda haskensa bai gaza na wancan ba, ko yunit 3 ba zai cika ba. Dutsen guga kuwa da hitar dafa ruwa su ne manyan maciya, kowannensu kan kai wat 1,000. Saboda haka a tara kayan makaranta a goge su gaba ɗaya ran Asabar ko Lahadi, maimakon a zafafa dutse kullum saboda riga ɗaya. Da rana a buɗe taga, hasken Allah kyauta ne. In za ka fita daga ɗaki, kashe fitila da fanka, domin fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum ta ke yi wa fifita. Kada a bar talabijin tana yi wa kujeru magana. A gidan da ke da firji, a daina buɗe shi ana leƙe.

Akwai kuma wata ɗabi'a mai haɗari. In an ɗauke wuta, sai mu watse mu bar kome a kunne. Can cikin dare a maido ta, dutsen guga ya yi ta ci a kan tufafi. Gobara da yawa haka ta ke tashi. To, da zarar an ɗauke wuta, mu zaga mu kashe makunni, mu zare abin da ke jone. Amma kada yaro ya taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma ya ce zai gyara waya da kansa.

Wani zai ce ai su ba su da mita, ko sun kashe ko sun bari kuɗin ɗaya ne. Wannan kuskure ne. Taransifoma ɗaya ce ke ɗauke da unguwa duka. In kaya ya yi mata yawa ta ƙone, da mai ɓarna da mai tsimi duk duhu za su kwana, layin ruwa kuma ya ƙara tsawo.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu su ba kowane yaro aikinsa. A gidanmu yanzu ni ke zaga makunnai da safe, ƙanwata ke lura da randa, ƙanenmu mai ɗakin taɓo kuwa shi ke kai wa zogale ruwan wanke-wanke, har ba ya yarda wani ya riga shi. Da jarka tara mu ke ɗaukowa, yanzu bakwai kan ishe mu, ban kuma sake makara ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ikon tattalin abin da Ya hore mana, amin.