Wa ta fi kasuwa, Barmani ko Fati Nijar?

A bakin wani shagon cajin waya a Unguwar Shanu, inda ake tura wa mutane waƙoƙi a memori, musu ba ya ƙarewa. Wannan ya ce Fati Nijar ta fi kowace mawaƙiya kasuwa, wancan ya ce ina, ai Maryam A. Baba Sangandale ce. Wani dattijo da ke jiran wayarsa ya rantse duk cikinsu babu wadda ta kama ƙafar Barmani Choge. Da za a tambaye su kaset nawa aka sayar, sai a ji tsit.

A Amurka da alƙaluma ake raba irin wannan gardama. A 1991 tsarin SoundScan ya fara ƙirga faifan da aka saya a kantuna, kuma wanda ya kai kwafi 500,000 akan ba shi lambar zinare. Shi ya sa aka san cewa a 2015, cikin mako guda, an sayi kwafi miliyan 3.38 na kundin Adele mai suna 25 a ƙasar kaɗai. Kundin The Bodyguard na Whitney Houston, wanda ya fito a 1992, an ƙiyasta ya kai miliyan 45 a duniya.

A Arewa ba haka harkar ta tashi ba. Mawaƙiyar fim takan shiga situdiyo, furodusa ya biya ta ladan aikinta, shi ke nan an rabu. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su buga, masu satar fasaha su kwafa, babu mai riƙe da littafin lissafi. Da waya ta zo sai abin ya ƙara lalacewa: mai shago ya cika maka memori daga tsohuwar kwamfutarsa, kai kuma ka tura wa abokai goma ta Xender. Ko sisi ba ya isa hannun mai muryar.

Ita kuwa Barmani, 'yar Funtuwa da ta rasu a 2013, kasuwarta a gidan biki take ci. Mata su kewaye ƙoren amada, liƙi ya zuba, a yi ta rububin gayyatarta gari-gari. Wannan shi ne ma'auninta, kuma ba kanti ya bi ba.

Yanzu YouTube da Audiomack suna ƙirga masu sauraro, kowa na iya dubawa a wayarsa. Sai dai lissafin ya fi yi wa 'yan baya adalci, domin lokacin da aka fara shi, kasuwar kaset ta riga ta watse.