Hadari da Hazo a Hanyar Boɗinga zuwa Shagari

A Turai akwai ƙungiyoyin masu manyan babura da kan ware ranar hutu su hau hanyoyin tsaunukan Alps, su yi ta murɗa kwana cikin ruwa da ƙanƙara don nishaɗi kawai. Tsakanin Boɗinga da Shagari babu tsauni. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, jigawa da fadama, sai 'yan tuddan marmara jefi-jefi. Ayarin baburanmu kuma lalura ce ke haɗa shi: abokan ango za su ɗaurin aure, 'yan unguwa za su ta'aziyya, 'yan kabu-kabu sun ɗauko rakiyar ɗan takara. Baburan su ne dai Bajaj Boxer da Jincheng da 'yan roba-roba, galibi kowanne da goyo. Tafiyar ba ta kai awa guda ba idan gari ya yi kyau. Idan bai yi kyau ba, ɗayan abu biyu ne, ko hadarin damina ko hazon hunturu, kuma na daɗe ina jin matuƙa suna gardamar wanne ya fi cin rai.

Hanyar kanta ba ƙaramar hanya ba ce. Ita ce ta fito daga Sakkwato ta gefen filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ta ratsa Boɗinga inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu, ta bi ta yankin Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya tashi zuwa Sakkwato a 1815, ta nufi Shagari da Tambuwal da Jega. Don haka mai babur yana raba kwalta da tireloli da tankokin mai da motocin albasa masu gangarawa kudu. Ruwa da ƙura duk a gaban waɗannan manyan motoci suke samun sa.

Hadari yana sallama kafin ya shigo. Gabas za ta yi baƙi, iska ta juya ta yi sanyi, a ji cida daga nesa, awaki su fara neman gindin katanga. Wani watan Agusta na hau bayan babur a ayarin ɗaurin aure, mu babura 12. Ba mu yi nisa da Sifawa ba dattijon da ke gaba ya ɗaga hannu ya gangara gefen titi. Wani saurayi ya ce, “Baba, mu matsa mana, muna iya riga shi isa.” Dattijon bai ko kalle shi ba, ya ce, “Yaro, hadarin ga ba na wucewa ba na. Kowa shi nemi rumfa.” Muka cusa baburan ƙarƙashin rumfar wani mai faci, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. An ɗaura auren ba mu, amma dukanmu mun ci shinkafar.

Hazo ba ya sallama. Da shi ake kwana, da shi ake tashi, wani lokaci kwana uku ko huɗu a jere. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta rataya a sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan ta yi kauri har jiragen sama sukan fasa sauka. Mai babur kuwa ba ya fasawa, domin ba wanda zai ce a ɗage ta'aziyya sai gari ya washe. Kuma hunturu lokacin zirga-zirga ne: an gama girbi, kuɗi ya shigo hannu, bukukuwa sun yi yawa. Wanda ya bi wannan hanya ranar 29 ga Disamba 2018, ranar da aka kai tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari makwancinsa a garinsu, ya ga yadda take cika a tsakiyar sanyi.

Ta wajen abin da ke ƙarƙashin taya, damina ce mai laifi. Yayyafin farko ya fi ruwa mai ƙarfi santsi, saboda yana jiƙa ƙura da baƙin man da motoci suka ɗiga, ya mayar da su kamar miyar kuɓewa a kan kwalta, sai ruwa ya yi yawa sannan ya wanke. Rami ya cika da ruwa ya zama daidai da titi, ba ka sanin zurfinsa sai tayar gaba ta gaya maka. Birki ya jiƙe ya rage kamawa. Ruwa ya taɓa fulogi, babur ya mutu a inda bai kamata ba. A hunturu kwalta busasshiya ce, taya na kamawa, sai dai rairayin da iska ke tarawa a gefen titi da bakin kwana, wanda shi ma yakan kwashe tayar wanda ya taka birki a kansa.

Ta wajen abin da ke gaban ido kuwa, lissafin ya juya. Ruwa yana rufe gani na ɗan lokaci, kuma yana dukan fuska har dole mutum ya sassauta totur, ko ya so ko bai so ba. Hazo yana rage gani ba tare da ya taɓa ka ba. Titi a bushe, babur na tafiya lafiya lau, ba abin da ke gaya wa hannu ya sassauta. Ga idanu na zubar da hawaye saboda jaura, ga rawani ko ƙyalle an naɗe fuska an bar 'yar kafa, ga yatsu sun ƙage har kama birki yana jinkiri. Hular kwano mai gilashi da za ta magance rabin wannan, ba kowa ke da ita ba. Tun 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, har aka riƙa ba da labarin masu kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, kuma har yau a ƙauyukanmu hular sanyi ta fi ta kasuwa.

Na ga wannan da idona wata safiyar Janairu, muna dawowa daga gaisuwar rasuwa a Shagari. Rana ta fito fara fat kamar faranti, ana iya kallon ta ba ƙiftawa. Babur na uku a gabanmu ya zama inuwa, na huɗu ya ɓace. Can sai muka ji ƙarar birki da salati. Amalanken shanu ne ɗauke da kara yake tsallaka titi, launinsa da na hazon ɗaya. Na gaba ya kauce da ƙyar, na bayansa ya daki tayarsa, na uku ya kwanta a rairayi. Allah Ya taƙaita, gwiwa ce ta ɗaye da madubi guda. Mai amalanken, wani tsoho, ya tsaya yana ta faɗin, “Sannunku samari, wallahi ban gane ku ba.” Gaskiyarsa ce, ko ɗaya daga cikinmu bai kunna fitila ba, wai kada batir ya sha wahala da rana tsaka.

A nan ne bambancin ya fi fitowa ga masu tafiya a ayari. Ruwa yana tara mutane. Idan ya sauko kowa ya san abin yi, a tsaya tare, a ƙirga juna, wanda babur ɗinsa ya mutu a tura shi tare, a goge masa fulogi da gefen riga. Hazo yana wargaza su ta hanya biyu masu karo da juna. Masu tsoron ɓacewa sukan manne wa na gabansu har babu tazarar taka birki, masu ƙarfin inji kuma su yi gaba su bar na baya, ta yadda idan wani ya faɗi sai an isa gari a lura babu shi. A zamanin nan ma akwai ƙarin damuwa. Tun da 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, jerin babura da ke fitowa daga cikin ƙura, fuskoki a rufe, ba abin da mutanen ƙauye ke so su gani ba ne, ko da kuwa masu zuwa biki ne.

Sai dai kada a yi wa damina sassaucin da ba ta cancanta ba. Duk abin da na faɗa a kan kwalta ne. Da zarar ayari ya sauka ya kama hanyar ƙauye, wajen fadamun da ke kewaye da madatsar ruwa ta Shagari misali, labari ya sake. Laka tana cika tsakanin taya da madigadi har taya ta daina juyawa. Kwarin da aka tsallaka da safe ƙafa a bushe, da la'asar ya zama rafi mai jan babur da mai shi. Ga tsawa, ga al'adar fakewa gindin bishiya wadda ita ce mafi munin mafaka. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara bai taka kara ya karya ba in an gwada da kudu, amma kusan dukansa cikin wata huɗu yake zuba, Yuni zuwa Satumba, kuma markar Agusta takan yanke ƙauye daga titi na kwanaki. A irin wannan hanya hunturu rahama ce: ƙura za ka sha, ka yi tari, ka isa.

Wajen aljihu kusan kunnen doki ne. Damina na cin fulogi da birki, ta sa sarƙa tsatsa. Hunturu na toshe matatar iska, ƙura ta shiga kafireta, babur ya riƙa shan mai, abin da ba wanda ke ɗauka da wasa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Bakanike dai ba ya rasa ciniki a kowanne.

Da za a ba ni zaɓi, a hanyar ƙauye zan ɗauki hunturu ba tare da dogon tunani ba. Amma a kan kwaltar Boɗinga zuwa Shagari, cikin ayari, ga tirela a gaba ga tanka a baya, na fi yarda da hadarin Agusta a kan hazon Janairu. In kuwa tafiyar ta zama dole cikin hazo, jama'a a kunna fitila, a bar tazara, a sa mai hankali ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a bari rana ta ɗan ɗaga kafin a tashi.