Dutsen Masu Hikima: Daga Littattafan Alkimiyya Zuwa Allon Silima

A watan Nuwamba na shekarar 2001 aka fara nuna fim ɗin Harry Potter and the Philosopher's Stone a gidajen silima na Ingila da Amurka, shekara 4 bayan fitowar littafin J. K. Rowling da aka ɗauko labarin daga cikinsa. Yara da manya sun yi ta ɗokin ganinsa. Labarin ya ta'allaƙa ne a kan wani jan dutse mai mai da ƙarfe zinariya, mai kuma ba da ruwan da ke hana mutuwa. Mai dutsen kuwa wani tsoho ne, Nicolas Flamel, wanda aka ce ya haura shekara 600 a duniya.

Da yawa daga 'yan kallo sun ɗauka ƙirƙirar marubuciyar ce. Alhali kuwa Flamel mutum ne da ya rayu a Paris, sana'arsa rubutu da kwafar takardu. Ya auri mace mai dukiya, Perenelle, suka yi ta ciyarwa ga coci-coci da matalauta. Gidan da ya gina a 1407 yana nan tsaye har yau, ya kuma rasu a 1418. Babu wata takarda ta zamaninsa da ta nuna ya taɓa narka ƙarfe. Sai a 1612, kusan shekara 200 bayan an binne shi, aka buga wani littafi da sunansa, wanda ya ce wai ya sayi wani tsohon kundi, ya je har Spain neman mai warware masa shi, kana a 1382 ya mai da zaiba azurfa, sa'an nan zinariya. Watau dai tatsuniya aka ɗora wa mamaci, fim kuma ya zo ya ƙara mata gishiri.

Wannan ɗabi'a ta jingina littafi ga wanda bai rubuta shi ba tsohuwa ce a wannan fanni, kuma ita ce babbar wahalar mai nazarinsa. Fannin ya tsiru ne a Masar a zamanin Girkawa da Rumawa, Larabawa suka gaje shi suka kira shi al-kimiya. Daga nan Turawa suka sami sunansa, daga nan kuma kalmar kimiyya ta shigo Hausa. Sunan da ya fi shahara shi ne na Jabir ibn Hayyan, wanda ake dangantawa da ƙarni na 8. Littattafan da ke ɗauke da sunansa sun kai ɗaruruwa, abin da ya sa masani Paul Kraus, a nazarin da ya buga a 1942 da 1943, ya yanke cewa aikin mutane da yawa ne na bayansa. Haka kuma shahararren littafin Latin da aka sa wa sunan Geber, wani Bature ne ya rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 13.

To, me waɗannan littattafai suke koyarwa? Ginshiƙinsu shi ne cewa dukkan ƙarafa 'ya'yan zaiba ne da farar wuta, waɗanda suka haɗu a cikin ƙasa. In sun haɗu da tsarki bisa daidaito, sai a sami zinariya. In an sami gurɓata, sai a sami darma ko baƙin ƙarfe. Ke nan darma zinariya ce marar lafiya, kuma akwai maganin da zai warkar da ita. Wannan magani shi ne al-iksir, shi ne kuma Turawa suka kira dutsen masu hikima. Bisa ga ilmin wancan zamani hujjar ba ta wauta ba ce, domin maƙera suna ganin jan ƙarfe yana sāke launi in an gauraya shi da wani abu. Duk da haka ba kowa ya yarda ba. Ibn Sina ya ce iyakar ƙoƙarin mai alkimiyya shi ne rina ƙarfe, ba sāke asalinsa ba, Ibn Khaldun kuma ya keɓe babi a Muƙaddima yana rushe sana'ar.

A 1144 Robert na Chester ya fassara wani littafin alkimiyya daga Larabci zuwa Latin, daga nan ƙofa ta buɗe ga Turai. Zinariya ba ta samu ba, amma aikin bai tafi a banza ba. Abubakar al-Razi ya riga ya kasa ma'adinai kashi-kashi ya kuma bayyana kayan aikin tacewa da narkarwa. A 1669, a Hamburg, Hennig Brand ya dafa fitsari mai yawa yana neman dutsen, sai ya gano sinadarin fosforas. Isaac Newton kansa ya shafe shekaru a bakin murhu, har ya fassara Allon Zumurrudu, ɗan gajeren nassin da aka fara samu cikin littafin Larabci Sirr al-Khaliƙa. Ba a san girman wannan aiki nasa ba sai bayan an yi gwanjon takardunsa a 1936.

Abin mamaki, burin ya cika daga baya ta wata hanya dabam. A 1980 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Berkeley sun mai da sinadarin bismut zinariya da na'urar fasa ƙwayar zarra, sai dai abin da aka samu ido ba ya iya ganinsa, kuɗin da aka kashe kuwa ya ninka darajarsa nesa ba kusa ba.

Ɗokin fim ɗin ya yi wani amfani da malaman tarihi ba su zata ba. A 2017 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya shirya baje kolin tarihin sihiri da sunan Harry Potter, jama'a suka yi cincirindo. Cikin abubuwan da aka nuna akwai doguwar takardar alkimiyya da ake kira Naɗin Ripley, da kuma dutsen kabarin Flamel da aka aro daga gidan tarihi na Cluny a Paris, wanda rubutun kansa ke ambaton kyautar da ya bar wa coci-coci da asibitoci, ba tare da ko kalma ɗaya a kan zinariya ba.