Kirifto: Na'urar da ke ɓoye makullin dukiyarka

A watan azumin da ya wuce, ƙanen matata mai sayar da wayoyi a babbar kasuwar Garwa ya zo gidana a Yelwa ido jajir. An zare masa waya a cunkoso, kafin gari ya waye duk USDT ɗin da yake tarawa don biyan kaya daga Dubai ya fice daga walat ɗinsa. Na tambaye shi ina ya ajiye kalmomin sirrinsa. Ya ce, "Wallahi Malam, hotonsu na ɗauka, yana cikin wayar." Wato ya kulle shago ya bar makulli jikin kwaɗo.

Abin da matasanmu da yawa ba su gane ba shi ne, kuɗin kirifto ba a cikin waya suke ba. Suna rubuce ne a wani kundi na bai-ɗaya a intanet. Abin da ke hannunka makullin sirri ne kawai, duk wanda ya same shi kuma shi ne mai kuɗin. Idan ka tura Orange Money ko MoMo bisa kuskure, akwai ofishin da za ka je ka yi kuka. A nan babu. Ga shi tun watan Mayun 2022 hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan ƙasashen CEMAC ta hana bankunanmu taɓa harkar kirifto.

Nan ne amfanin na'urar ajiyar makulli ya fito. 'Yar ƙarama ce kamar filashi. Kamfanin SatoshiLabs na birnin Prag ya fitar da Trezor a 2014, a shekarar ne kuma aka kafa Ledger a Faransa. Makullin a cikin na'urar ake ƙirƙirarsa, kuma ba ya fita zuwa waya ko kwamfuta. In za ka tura kuɗi, wayar ta shirya umarnin ta miƙa wa na'urar, ita kuma ta nuna maka adadi da adireshin a ɗan allonta. Sai ka danna maɓalli da yatsanka sannan ta sa hannu ta mayar. Ko da ɓarayin intanet sun shiga wayarka, makullin ba ya wurin.

To in na'urar aka sace fa? Tana da lambar sirri. A Ledger, kuskure uku a jere ta goge kanta. Kai kuma sai ka sayi wata, ka shigar da kalmominka 12 ko 24, waɗanda aka zaɓo daga jerin kalmomi 2,048, dukiyarka ta dawo. Ke nan kalmomin su ne asalin dukiyar. A rubuta su da hannu, kada a ɗauki hotonsu, kada a tura su ta WhatsApp. Mun kuma san aikin gara da ruwan damina a kan takarda, shi ya sa wasu ke zana su a kan ƙarfe.

Masu cewa gara su bar kuɗin a dandalin musaya su tuna rushewar FTX a Nuwamban 2022, lokacin da jama'a suka wayi gari ba su iya cire ko sisi.

Sai dai na'urar ba laya ba ce. Ba ta hana farashi faɗuwa, ba ta kuma kare wanda ya miƙa kuɗinsa da kansa ga masu alƙawarin ninka riba. Kada a sayi ta hannu. In ka buɗe kwali ka tarar an riga an rubuta maka kalmomin, tarko ne.

Abin da ya fi damuna shi ne gado. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin kirifto, amma ba wanda ya yi saɓani kan haƙƙin maraya. Mutum ya rasu da kalmominsa a ka, ba alƙali ba limami da zai iya buɗe wa magada. A rubuta wasiyya, a sanar da amintacce guda inda kalmomin suke.

Surukina ya fara tari daga farko. Wannan karon ya sayi na'urar, ya rubuta kalmomin a takarda biyu, ɗaya a gidansa, ɗaya a akwatin mahaifiyarsa. Allah Ya mayar masa da alheri.